Tambaya ta Goma Sha Huɗu

Kwana tara ruwa bai ɗauke ba a Valdivia.
A bene na uku, inda taga ke kallon kogi,
Ximena Quilodrán ta zube ambulan dubu biyu a tebur,
ta kasa su huɗu kamar mai kasa tumatir.

Kashin farko ta saka wa peso dubu, takarda sabuwa ƙal,
ba sharaɗi, ba "sai in ka amsa".
Na biyu alkawari aka ba su: za a yi ƙuri'a, wani zai ci keke.
Na uku ta sa hannu da kanta, da shuɗin biro,
har yatsanta ya yi kanta.
Na huɗu tambayoyi ne tsura.

Ba ita ta zaɓi wanda zai samu wanne ba.
Na'ura ce ta raba, makauniya da gangan,
don kada son zuciya ya tsoma baki.
Abin da take nema a baki ba shi da tsawo:
me ke sa mutum ya ajiye cokali, ya ɗauki biro,
ya ba wanda bai taɓa gani ba
minti ashirin daga kwanakinsa?

Amsoshi suka fara ɗigowa kamar yoyon rufi.
Masu kuɗi a hannu su ne kan gaba,
wataƙila kunya, wataƙila nauyin bashi.
Keke bai ruɗi kowa ba.
Shuɗin biro ya ɗan taɓa zukata, kaɗan dai.
Kashi na huɗu kuwa, shiru kake ji,
an kunna murhu da yawancinsu.

Ranar Laraba lamba dubu da ɗari da sittin da uku ta dawo
daga Corral, can ƙetaren ruwa,
tana warin hayaƙin itace da man kifi.
Ga peso dubun nan maƙale da allura,
ko lanƙwasa ba a yi mata ba.
Ya amsa duka, har waɗanda aka ce a tsallake.
A ta goma sha huɗu, "mutum nawa ke kwana a gidan nan?"
ya rubuta biyu,
ya soke,
ya rubuta ɗaya.

A gefe, da rubutu mai rawa:
"'Yata, ga kuɗinki, ki sha shayi.
Tun watan Mayu da muka binne Herminda
takardar kuɗin wuta kaɗai ake miƙo mini,
ita kuwa ba ta tambaya, faɗa take yi.
Ke kin tambaya.
Shekara hamsin ina ɗinke wa kwale-kwale ɓaraka,
ba wanda ya ce, yaya kake ganin asibitin garinku?
Dare uku na yi ina amsawa, don kada ta ƙare da wuri.
Eleodoro Antilef."

Ba a nemi sunansa ba. Doka ma ta hana.

Ta juya ga allon na'ura.
Gurbin ba ya cin komai sai ɗaya ko sifili.
Yana kashin masu kuɗi, ya kuma amsa.
Ta danna ɗaya.
Layin kuɗi ya ɗaga da kaurin gashi.

Baltasar ya leƙo ta kafaɗarta, kofi a hannu:
"Mutum ɗaya ba hujja ba ne."
Ta ce ta sani. Ita ta koya masa hakan.
Rahoton zai ce kuɗin hannu ya fi alkawari,
kuma ba ƙarya zai yi ba,
a kan mutum dubu biyu haka abin yake.

Sai dai littafin kashe kuɗi ba shi da layi
na abin da aka bayar ya dawo da ƙafarsa.
Ta buɗe aljihun tebur, ta rufe.
Ta sake buɗewa, ta zare allurar.

Ta sauka ƙasa cikin ruwan, ba laima,
ta ce wa mai shago shayi ɗaya.
Ya ce dubu da ɗari biyu ne yanzu.
Ta cika daga jakarta.